Wa zai fara magana? Rabon iska tsakanin na'urori da makomar sadarwa a Gawu Babangida

Gawu Babangida ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi uku na Masarautar Suleja, tare da Tafa da ita kanta Suleja. Ƙaramar hukumar tana maƙwabtaka da Birnin Tarayya, kuma babbar hanyar Suleja zuwa Minna ta ratsa ta cikinta. Faɗinta murabba'in kilomita 954 ne, ƙidayar 2006 kuwa ta ba ta mutum 90,974. Idan aka raba, kusan mutum 95 ke nan a kowane murabba'in kilomita. Irin wannan lissafi ne kamfanin waya yake bugawa kafin ya kafa turken sadarwa, domin turke ɗaya yana cin dizal da gadi da haya, ko mutum dubu goma ne a ƙarƙashinsa ko ɗari biyu.

Saboda haka yanki irin wannan yana da ciwo iri biyu. A ƙauyukan da suka yi nisa da kwalta, mutane sun yi wa kamfani kaɗan. A wuraren da jama'a ke cincirindo kuwa, kamar kasuwar Lambata ranar cinta ko mahaɗar Dikko, mutane kan yi wa turke yawa a sa'o'i ƙalilan. Duk ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da garuruwan Neja ya san alamar ciwo na biyu: waya ta nuna sabis a cike, amma kira ya ƙi shiga, na'urar POS kuma ta yi ta juyi. Idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Ciwukan biyu suna komawa ga tambaya guda wadda injiniyoyi suka shafe fiye da shekara 50 suna warwara: idan na'urori da yawa suna son magana a kan zangon rediyo ɗaya, wa zai fara, wa zai jira, kuma wa zai raba gardama idan babu shugaba? Amsar da ake bayarwa a yau ta soma sauyawa, domin an ƙera na'urorin da ke iya sauraron masu magana fiye da ɗaya a lokaci guda. Ya kamata masu rubuta takardun shawara da masu tsara kasafi a Abuja su san abin da wannan sauyi ya ƙunsa.

Iska ɗaya, baki dubu

Na'urorin sadarwa suna yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a naɗe ta da adireshi, a kira ta ƙunshi. Hoto ɗaya da aka tura ta WhatsApp yana iya zama ƙunshi ɗari ko fiye. Idan ƙunshi biyu suka isa kunnen na'ura guda a lokaci guda, a kan zango guda, sai su cakuɗe, kamar mutum biyu da suka ɗaga murya tare a gaban alƙali. Wannan shi ake kira karo. A tsohon tunani, da zarar an yi karo duka biyun sun lalace, sai an sake aikowa.

Hanya biyu ake bi a guje wa karo. Ta farko ita ce ta fada: akwai mai ba da izinin magana. Haka wayar salula take. A tsarin GSM, wanda ya shigo Nijeriya a 2001 bayan gwanjon da kamfanoni suka biya dala miliyan 285 kowanne, turke yana yanka kowane zango mai faɗin kilohaz 200 zuwa gurabun lokaci 8, ya ba kowace waya nata gurbi. Babu karo, amma sai da turke, kuma turke sai da kuɗi.

Ta biyu ita ce ta dandali: babu shugaba, kowa yana bin wani ladabi da aka amince da shi. Haka Wi-Fi yake a asalinsa, haka kuma tsarin da ake kira raga, inda eriyar wannan gida ke miƙa saƙo ga ta wancan, ta wancan ta miƙa gaba, har ya isa inda intanet yake. Ladabin da na'urori ke bi a irin wannan fage shi ne ƙa'idar shiga iska. Ko wayar salula ma ba ta tsira daga dandali ba, domin kafin turke ya ba ta gurbi sai ta fara ɗaga hannu, kuma wannan ɗaga hannun a fagen kowa-da-kowa ake yin sa.

Daga tsibiran Hawai

Tarihin ya faro ne daga Jami'ar Hawai ta Amurka. Rassan jami'ar suna warwatse a tsibirai, babbar kwamfuta kuwa tana Honolulu. Norman Abramson da abokan aikinsa suka kafa tsarin rediyo mai suna ALOHA, wanda ya fara aiki a 1971. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: duk mai saƙo ya aika nan take, idan bai ji amsa ba ya ɗauka an yi karo, ya jira wani ɗan lokaci da ya zaɓa da ka, ya sake.

Sauƙin yana da tsada. Lissafi ya nuna cewa idan masu magana suna da yawa, iyakar abin da irin wannan tsari zai amfana daga iska shi ne kashi 18.4 cikin 100. Sauran duk ya tafi a karo da shiru. A 1972 Lawrence Roberts ya kawo gyara: a yanka lokaci zuwa gurabu daidai wa daida, kada kowa ya fara magana sai a farkon gurbi. Wannan kaɗai ya ninka amfanin zuwa kashi 36.8.

Akwai wani hali na wannan tsari da ya fi lambobin muhimmanci. Idan masu nema suka wuce wani mizani, karo yana haifar da maimaici, maimaici yana haifar da ƙarin karo, har a kai inda kowa na magana amma babu saƙon da ke isa. Direban da ya taɓa maƙalewa a Madalla da safiyar Litinin ya san wannan: motoci sun cika titi, kowa yana kutsawa, kuma babu mai motsi. Lokacin da aka fi buƙatar sadarwa shi ne lokacin da wannan hali ya fi barazana. A rana irin ta 18 ga Janairun 2025, da tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko ta hallaka mutane da dama, ɗaruruwan wayoyi ne ke neman hanya a daƙiƙa guda daga wuri guda. Ingancin ƙa'idar shiga iska a irin wannan sa'a yana cikin abubuwan da ke tantance ko kiran neman agaji zai wuce.

Saurara kafin ka buɗe baki

A 1975 Leonard Kleinrock da Fouad Tobagi na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas suka yi nazarin ladabi na gaba: na'ura ta kasa kunne tukuna, idan ta ji wani yana magana ta yi shiru. A kan wannan aka gina Wi-Fi, wanda ƙa'idarsa ta farko mai lamba 802.11 ta fito a 1997. Na'urar Wi-Fi da ta ji iska ta yi tsit ba ta faɗawa kai tsaye. Takan zaɓi lamba da ka tsakanin 0 da 15, ta riƙa ƙirgawa ƙasa, kowane ƙirge kashi 9 cikin miliyan na daƙiƙa. Wadda ta fara kaiwa sifili ita ke magana. Idan aka yi karo, sai a faɗaɗa zaɓin zuwa 31, sannan 63, har zuwa 1,023. Wato gwargwadon cunkoso, gwargwadon haƙurin da kowa zai yi.

Su Kleinrock ɗin ne kuma suka bayyana raunin wannan ladabi. A ɗauka eriya uku: ɗaya a gabashin tudu, ɗaya a yammacinsa, ta uku a ƙololuwa. Ta gabas da ta yamma ba sa jin juna, dutse ya shiga tsakani. Kowacce ta kasa kunne ta ji shiru, ta aika wa ta ƙololuwa, saƙonni suka yi karo a can. Ana kiran wannan matsalar ɓoyayyen maƙwabci. A ƙasa mai duwatsu da kwazazzabai da kurmi, kamar wadda ta miƙa daga Dutsen Zuma zuwa mafaɗar ruwan Gurara, ɓoyayyen maƙwabci abu ne na yau da kullum. Maganin da aka saba shi ne neman iso: mai magana ya aika ɗan gajeren saƙo cewa yana son shiga, mai karɓa ya amsa da ƙarfi yadda duk na kusa da shi za su ji su dakata. Phil Karn ne ya gabatar da wannan dabara a 1990, kuma Wi-Fi ya ɗauke ta. Tana aiki, sai dai neman ison kansa yana cin lokaci.

Duk waɗannan ƙa'idoji an gina su a kan zato ɗaya: kunne ɗaya, murya ɗaya. Burinsu shi ne a tabbatar mutum guda ne ke magana.

Kunnen mai shayi

Wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi da sassafe ya ga abin da ya saɓa wa wannan zato. Mutum uku suna ba da oda tare, wannan yana son ƙwai biyu, wancan shayi ba madara, na uku burodi rabi, kuma mai shayi bai ce kowa ya yi shiru ba. Yana rarrabe su da inda muryar ta fito, da kalar muryar, da ƙarfinta. Na'urorin zamani sun koyi waɗannan dabaru uku.

Ta farko ita ce rarrabewa da kalar murya. Ana ba kowane mai magana wani zubi na lambobi nasa shi kaɗai, ya cuɗa saƙonsa da shi, mai karɓa kuma ya yi amfani da zubin ya tsamo saƙon daga cikin hayaniya. Wannan shi ne CDMA, wanda 'yan Nijeriya suka sani ta hannun Starcomms da Multi-Links da Visafone, kuma a kansa aka gina 3G.

Ta biyu ita ce rarrabewa da inda murya ta fito. Na'ura mai eriya huɗu tana jin kowane saƙo sau huɗu, kowanne da ɗan bambancin lokaci da ƙarfi. Da wannan bambanci take warware lissafi ta raba muryoyi, har zuwa huɗu idan hanyoyin da suka biyo sun bambanta sosai.

Ta uku ita ce ɓarewa ɗaya bayan ɗaya. Mai karɓa ya fara fahimtar murya mafi ƙarfi, ya sake ƙera ta a cikin kansa, ya cire ta daga abin da ya ji, sai ta biyu ta fito fili, ya cire ta, haka har ƙarshe, kamar mai ɓare albasa. A 2008 Shyamnath Gollakota da Dina Katabi na jami'ar MIT suka nuna wata dabara mai kama da wannan da suka kira ZigZag, wadda ke ɗaukar karo biyu na ƙunshi biyu ta warware su duka.

Tun kafin na'urorin su yawaita, masana lissafi sun hango abin da zai biyo baya. A 1988 Sylvie Ghez da Sergio Verdú da Stuart Schwartz na Jami'ar Firinstan suka wallafa nazari kan yadda ALOHA mai gurabu zai kasance idan mai karɓa yana iya fahimtar ƙunshi da yawa a tare. A 2001 Lang Tong da abokan aikinsa na Jami'ar Konel suka ja hankali cewa sabon kunne yana buƙatar sabon ladabi.

Lissafin da ya sauya tambaya

Dalilin yana cikin lambobi, kuma mai sha'awa zai iya bin su. A ALOHA mai gurabu na gargajiya, abin da ya fi dacewa shi ne a samu matsakaicin mai magana ɗaya a kowane gurbi, kuma ƙunshin da ke isa lafiya 0.37 ne a gurbi. A ɗauka yanzu mai karɓa yana iya fahimtar ƙunshi biyu a tare, sai sun kai uku ne suke lalacewa. Idan aka sassauta ladabi yadda matsakaicin masu magana ya kai 1.6, abin da ke isa ya zama 0.84. An ninka kunne sau biyu, amma amfanin ya wuce ninki biyu.

A ƙara kunnen zuwa huɗu. Idan na'urori suka ci gaba da tsohon haƙurinsu na mai magana ɗaya a gurbi, abin da ke isa 0.98 ne. Idan aka bar su suka ƙara yawan shiga har matsakaicin ya kusa uku, sai ya kai 1.94. Ma'ana, wanda ya sayi na'ura mai kunne huɗu ya bar ta da tsohuwar ƙa'ida ya zubar da kusan rabin abin da ya biya. Waɗannan lambobi na tsari ne mai sauƙi a kan takarda, kuma a fili abubuwa da yawa kan rage su, amma darasin bai sauya ba.

Tsohuwar tambaya ita ce ko akwai mai magana. Sabuwar kuwa ita ce mutum nawa ke magana, kuma ko akwai sauran wuri. Na'urar da ta ji mutum biyu a iska, alhali mai karɓa yana ɗaukar huɗu, shiga ya kamace ta. Shirunta a nan asara ce.

Inda gizo ke saƙa

Idan akwai shugaba, amsa sabuwar tambaya ba ta da wahala: turke ya zaɓi mutum huɗu ya ce su yi magana tare. A tsarin da babu shugaba ne aikin ya yi nauyi.

Na farko, ƙirga muryoyi daga nesa ba abu ne mai sauƙi ba. Na'ura tana jin jimillar ƙarfin da ke iska, kuma murya ɗaya ta kusa tana iya fin uku na nesa ƙara. Abin da mai magana ke ji a inda yake kuma ba shi ne abin da mai karɓa ke ji ba, kuma kunnen mai karɓa ne ake yi wa lissafi.

Na biyu, a raga kowace na'ura mai magana ce kuma mai sauraro, kuma galibin rediyo ba sa yin biyun a lokaci ɗaya a zango ɗaya. Idan aka zuga kowa ya yi ta magana, sai a rasa mai sauraro. Dole ƙa'ida ta daidaita yawan bakuna da yawan kunnuwa ba tare da mai rabo ba.

Na uku, rarrabe muryoyi yana buƙatar mai karɓa ya san halin hanyar da kowace ta biyo, kuma yakan koyi wannan ne daga 'yan alamomin da ke farkon ƙunshi. Idan ƙunshi na biyu ya faɗo a tsakiyar na farko, koyon yana wuya. Turke yana daidaita agogon kowa, amma a dandali kowa da agogonsa.

Na huɗu shi ne adalci, kuma shi ya fi shafar mai tsara manufa. Murya mai ƙarfi ita ake fara ji. Eriyar da ke kusa da sakatariya za ta riƙa cin nasara, ta ƙauyen da ke bayan tudu kuma ta riƙa yin karo tana ninka jiranta, har ta koma kamar ba ta nan. Ƙa'idar da ta auna jimillar saƙonni kawai za ta nuna komai lafiya, alhali na nesa ya daina shiga. Shi ya sa masu bincike ke haɗa ƙa'idar shiga da sarrafa ƙarfin murya, na kusa ya sassauta, na nesa ya ɗaga.

Akwai kuma iyaka ta asali. A 2000 Piyush Gupta da P. R. Kumar na Jami'ar Ilinoi suka tabbatar cewa a raga mai tsohon kunne, rabon kowace na'ura yana raguwa gwargwadon yadda na'urori ke ƙaruwa, domin kowacce tana ɓata mafi yawan lokacinta wajen dakon saƙon wasu. Kunne mai jin muryoyi da yawa yana cikin hanyoyin da ake bi a sassauta wannan iyaka.

Abin da ya riga ya shigo kasuwa

Wani ɓangare na wannan ilmi yana cikin aljihun mai karatu. A 4G, kowane turke yana da alamomin ɗaga hannu 64, kowace waya ta zaɓi ɗaya da ka, kuma turke yana gane da yawa a tare matuƙar ba su zaɓi iri ɗaya ba. Wi-Fi 6, wanda aka fara tantance na'urorinsa a 2019, yana barin na'urori da dama su aika wa uwar na'ura saƙo a tare, ko ta eriya da yawa ko ta yanka zango mai faɗin megahaz 20 zuwa ƙananan rabo har 9. A sadarwar tauraron ɗan'adam, injiniyoyin Hukumar Sararin Samaniya ta Turai sun gabatar da wata ƙa'ida a 2007 inda kowace tasha ke aika ƙunshinta sau biyu a gurabu daban-daban, mai karɓa ya fahimci wanda ya tsira, ya cire tagwayensa daga inda ya yi karo, ya 'yanta na wani.

Abin lura shi ne duk waɗannan suna da cibiya guda mai karɓa. A Wi-Fi 6 ma uwar na'ura ce ke ba da alamar farawa. Tsarin da kowace na'ura za ta ji muryoyi da yawa ba tare da jagora ba har yanzu ya fi yawa a ɗakunan bincike. A can ƙasa kuma, ƙananan na'urori masu arha irin na LoRaWAN, waɗanda ake amfani da su wajen auna ruwa da karanta mita da bibiyar dabbobi, suna tafiya ne a kan tsohon ALOHA. Duk wanda zai zuba dubbansu a gonaki ko a gaɓar kogi domin gargaɗin ambaliya, lissafin 1971 yana jiransa.

Daga Kafanchan zuwa Gurara

Sadarwar da al'umma ke kafa wa kanta ba baƙuwa ba ce a Arewa. A shekarun 2000 Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan ta kafa tsarin intanet mara waya mai suna Zittnet, wanda ya haɗa cibiyoyi da makarantu na yankin. Cibiyar CITAD ta Kano ta shafe shekaru tana horar da matasa kan wannan aiki tare da neman gwamnati ta fitar da manufa a kansa. A Afirka ta Kudu, mutanen Mankosi sun kafa Zenzeleni da taimakon Jami'ar Yammacin Kef. A Meziko, hukumar sadarwa ta ba al'ummomin karkara lasisin gudanar da wayar salula tasu a 2016.

Ga yanki kamar Gurara, siffar aikin a bayyane take: a kawo intanet mai ƙarfi wuri ɗaya ko biyu a bakin hanya, ta wayar faiba ko tauraron ɗan'adam, daga nan eriya masu aiki da hasken rana su miƙa shi zuwa asibitin sha-ka-tafi da makaranta da kasuwa. Kowane tsalle daga eriya zuwa eriya yana cin wani kaso na iska, don haka ingancin ƙa'idar shiga shi ke nuna ko ƙauye na huɗu a jere zai samu abin kirki.

Ƙa'ida kaɗai ba ta kawo wuta, ba ta hana satar batir, ba ta biyan kuɗin intanet na wata. Akwai kuma batun tsaro. A Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse sabis a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Tsarin da ba shi da cibiya yana da wuyar kashewa da maɓalli guda. Ga mai jinya da mai neman agaji wannan alheri ne, ga jami'in tsaro kuwa abin dubawa ne. Gara a tattauna wannan a fili tun wajen rubuta doka, a san wa ke da rajista, wa ke da alhaki.

Abin da ke kan teburin Abuja

Zangon rediyo dukiyar ƙasa ce mai tsada. A Disamban 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon gigahaz 3.5 na 5G a kan dala miliyan 273.6 kowanne. Duk dabarar da ta ninka saƙonnin da zango ɗaya ke ɗauka tamkar ta ƙara wa ƙasa zango ne ba tare da gwanjo ba. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kaiwa kashi 70 cikin 100, da gudun megabit 10 a karkara. A 2024 Majalisar Zartaswa ta amince da shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000, kuma a shekarar ce Jihar Neja ta shiga sahun jihohin da suka yafe kuɗin haƙa hanyar faiba. Amma faiba a bakin titi take tsayawa. Daga nan zuwa ƙofar manomi, iska ce.

Abu huɗu suna hannun ma'aikatan tarayya. Na ɗaya, buɗe ƙarin zangon da ba ya buƙatar gwanjo. Tsohon zangon gigahaz 2.4 hanyoyi uku kacal yake da su da ba sa taka juna, shi ya sa aniyar da NCC ta bayyana a 2024 ta buɗe wani sashe na gigahaz 6 ga Wi-Fi take da muhimmanci. Na biyu, lasisi mai sauƙi ga ƙungiyoyin al'umma, da ba su damar neman tallafi daga asusun USPF, wanda Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanada domin yankunan da kamfanoni ba su kai ba.

Na uku, gyara takardun sayen kaya. Gudun da aka rubuta a jikin kwali gudun na'ura ɗaya ce a ɗaki babu kowa. Abin da ya kamata a nema daga ɗan kwangila shi ne gwaji a wurin aiki: idan na'ura 60 suka shiga tare, nawa ke isa, kuma nawa ne rabon wadda ta fi kowa nisa. A kuma tambaya ko wayoyin da ke hannun jama'a sun san sabon ladabin, domin uwar na'ura ta zamani a tsakiyar tsofaffin wayoyi tsohon aiki za ta yi.

Na huɗu, bincike a gida. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashen injiniyan sadarwa, kuma Gurara tana kan hanyar da ta haɗa ta da Abuja. Galibin ƙa'idojin da ake shigowa da su an auna su ne a ofisoshi da titunan wasu ƙasashe. Yadda dutse da ganyen damina da ƙurar hunturu da cunkoson ranar kasuwa ke shafar su, sai an auna a nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Filin gwaji na eriya 20 ko 30 tsakanin Gawu Babangida da ƙauyukan da ke kewaye, ƙarƙashin kulawar jami'a da izinin NCC, zai ba masu tsara manufa alƙaluman da za su dogara da su kafin a sa hannu a kwangilar biliyoyin naira, kuma zai bar wa asibiti da makarantar da aka gwada a kansu sadarwar da za su ci gaba da amfani da ita.